Cigiyar Da Ba A Amsa Ba: Nazarin Shirin "Cold" A Kan Ɓacewar Susan Powell

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron gidajen rediyon ƙasar Hausa ya san cigiya. Mai sanarwa yakan faɗi sunan wanda ya ɓace, da shekarunsa, da kamanninsa, da irin tufafin da ke jikinsa ranar da ya fita, sa'an nan ya roƙi wanda Allah ya sa ya gan shi ya kai labari gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Cigiya gajeruwa ce, kuma kowace kalma a cikinta a kan wanda ya ɓace take, domin ba ta da wata manufa sai a same shi.

A shekarun baya-bayan nan wani nau'in adabi ya bunƙasa a ƙasashen Turawa wanda in an bi salsalarsa za a tarar dangin cigiya ne, sai dai ya yi tsawo har yakan ci sa'o'i masu yawa. Wannan nau'i shi ne shirin saurare mai kashi-kashi da ake ji ta intanet, inda ɗan jarida yakan ɗauki wani laifi da ya auku da gaske ya yi ta bin diddiginsa mako bayan mako. Shirin "Serial" na shekarar 2014 shi ya jawo hankalin jama'a ga wannan fage, kuma tun daga nan aka yi ta yin irinsa. Da yake kunne kaɗai ake yi wa shi, kuma da murya ake saƙa shi, ya cancanci masu nazarin adabin baka su dube shi da ma'aunan da suka saba da su, watau zubi da tsari, da salo, da taurari, da jigo.

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin zagaye na farko na shirin "Cold", wanda ɗan jarida Dave Cawley na gidan rediyon KSL da ke birnin Salt Lake City a Jihar Yuta ta Amurka ya fara fitarwa a watan Nuwamba na 2018, cikin kashi 18. Sunan shirin daga bakin 'yan sandan Amurka aka aro shi, domin bincike in ya cije ba a kama kowa ba sukan ce ya yi sanyi. Tambayar da maƙalar za ta bi guda ce: in aka ba da labarin macen da ta ɓace, alhali ita ba ta nan balle ta yi magana, muryar wa ke cike gurbinta?

2.0 Taƙaitaccen Labarin

Susan Cox ta auri Josh Powell a shekarar 2001 a lokacin tana 'yar shekara 19, dukansu kuwa mabiya ɗariƙar Momon ne da suka haɗu a Jihar Washinton. A 2004 suka ƙaura zuwa garin West Valley City a Jihar Yuta, inda suka haifi 'ya'ya biyu maza. Susan tana aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi, shi kuwa mijin bai cika zama a aiki ɗaya ba, har a 2007 ya kai kansa kotu cewa bashi ya fi ƙarfinsa.

Ranar Lahadi 6 ga Disamba, 2009, wata maƙwabciya ta yini a gidan, ta bar Susan da yamma ta ce ta gaji za ta kwanta. Ita ce mutum ta ƙarshe daga waje da ta gan ta. Kashegari ba a kai yara gidan reno ba, Susan ba ta je aiki ba, ba a kuma sami kowa a waya ba. 'Yan sanda suka shiga gidan da tsoron ko iskar gas ce ta kashe mutanen ciki, suka tarar ba kowa, sai fankoki biyu suna hura wani wuri mai danshi a falo, ga kuma jakar Susan a ajiye. Da yamma Josh ya dawo da yaran, ɗaya mai shekara 4, ɗaya mai shekara 2. Ya ce da tsakar dare ya kwashe su suka tafi kwanan daji a Simpson Springs, can cikin hamadar yammacin Yuta, a daren da ake zuba dusar ƙanƙara, ya bar matarsa tana barci. An sami wayar Susan a cikin motarsa. Bayan haka ya yi hayar wata mota, ya yi tafiyar kimanin mil 800 da ita, ba a kuwa tabbatar da inda ya je ba har yau. An sami ɗigon jinin Susan a daɓen gidan, an kuma gano takardun inshorar rai a kanta na dala miliyan 1.5. A lokacin shekarunta 28.

Ba a kama Josh ba, ba a kuma tuhume shi a kotu ba. Bayan 'yan makonni ya kwashe 'ya'yansa ya koma gidan ubansa, Steven Powell, a garin Puyallup na Jihar Washinton. A watan Agusta na 2011 'yan sanda suka binciki gidan, suka tarar da tarin hotunan mata da 'yan mata waɗanda Steven ya ɗauka a ɓoye, har da na Susan masu yawan gaske. Aka kama shi a watan Satumba, hukuma ta ɗauke yaran ta damƙa wa iyayen Susan. Ranar 5 ga Fabrairu, 2012, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta kawo yaran su ga ubansu a wani gidan haya a garin Graham, bisa sharaɗin tana wurin. Yaran na shiga ya rufe ƙofa ya bar ta a waje, ya cinna wa gidan wuta, ya hallaka su ya hallaka kansa. Babban yana da shekara 7, ƙaramin 5. A watan Fabrairu na 2013 ƙanen Josh, Michael, wanda 'yan sanda ke zargin ya taimaka wajen ɓoye gawa, ya kashe kansa. A watan Mayu na wannan shekara 'yan sanda suka sanar sun dakatar da bincike, suka saki takardunsu ga jama'a. Steven ya mutu a 2018. Ba a ga Susan ba, ba a kuma ga gawarta ba.

3.0 Zubi Da Tsari

Labarin bincike irin na littattafan ƙagaggun labarai yana da tsari sananne. Akan fara da laifi, a ƙulla zaren labari da zarge-zarge, a ƙarshe mai bincike ya warware ƙullin ya nuna mai laifi. Daɗin da mai karatu ke ji yana wajen warwarewar nan. To, wanda ya ɗauki labarin Susan Powell ya ɗauki labarin da ba shi da wannan gaɓa, domin duk mutanen da ake zaton sun san abin da ya faru sun riga mu gidan gaskiya da sirrinsu. Haka nan kuma ba shi da damar ɓoye wa mai sauraro wanda ake zargi, gama duk Amurka ta riga ta ji sunansa a labarai tun shekaru tara kafin shirin.

Dabarar da Cawley ya yi ita ce ya koma baya ƙwarai, ya biyo al'amura bisa jerin aukuwarsu. Ya faro tun daga ƙuruciyar Josh, da rabuwar iyayensa mai cike da husuma, da wata budurwa da ya zauna da ita kafin ya san Susan, wadda ta bayyana a shirin yadda ya raba ta da danginta ya mallake al'amuranta. Daga nan aka shiga auren, aka bi shi shekara-shekara. Mai sauraro sai ya yi sa'o'i a cikin gidan nan kafin a kawo shi daren 6 ga Disamba.

Wannan tsari shi ne babbar nasarar shirin. Da an fara da daren ɓacewar, da tambayar da za ta cika zuciyar mai sauraro ita ce ina aka kai ta, tambayar da ba ta da amsa. Amma da aka faro daga tushe sai tambayar ta zama yaya aka yi har aka kai ga haka, wannan kuwa tana da amsa, kuma amsar tana nan a rubuce. Mai sauraro yana jin yadda mijin ya riƙe kuɗin gida har da albashin matar, yana ƙididdige mata abin da za ta sayo na cefane, yana bin motar gida da iko har takan hau keke zuwa wurin aiki. Saboda haka in aka iso ga daren, mai sauraro ba ya jin abin a matsayin hatsarin da ya faɗo daga sama. Ya riga ya ga hadarin tun yana haɗowa.

Amma fa tsarin yana da nasa aibi. Bin kwanan wata sau da ƙafa ya sa tsakiyar shirin ta yi nauyi. Shekara biyun da ke tsakanin ɓacewar da gobarar cike suke da bincike marar sakamako: an leƙa tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai a hamada, an bi bayanan fursunoni masu neman sassauci, an yi ta fama da wata ma'ajiyar kwamfuta ta Josh wadda ya kulle da kalmar sirri aka kasa buɗewa. Cawley ya bi kusan kowace hanya har inda ta toshe. Ga mai tarihi wannan amana ce, amma ga mai sauraro akwai wuraren da labarin ke tsayawa cik, ana ta zayyana aikin 'yan sanda, ita kuwa wadda ake nema a daɗe ba a ambaci halinta ba.

4.0 Muryoyin Cikin Shirin

A adabin da ake karantawa, marubuci ke raba wa taurarinsa magana yadda ya ga dama. A irin wannan shiri kuwa mai tsarawa yana ƙarƙashin ikon abin da aka bari a kaset. Wanda ya bar murya mai yawa shi zai fi cika kunne, ko da mai shirin bai nufi haka ba. Nan ne matsalar "Cold" take.

Josh Powell mutum ne mai son naɗar maganarsa. Tun yana saurayi yakan zauna shi kaɗai ya yi ta zuba a na'ura, yana faɗin abin da ya saya da abin da yake ƙulli, kuma waɗannan kaset-kaset sun shiga hannun 'yan sanda, daga nan suka shiga shirin. Akwai kuma muryarsa a ɗakin tambayoyi, inda babban mai binciken, Ellis Maxwell, ke ta lallashinsa ya faɗi inda matarsa take, shi kuwa yana amsawa a sanyaye kamar wanda ake tambaya labarin baƙuwa. Ubansa ma haka. Steven ya bar littattafan sirri masu yawa da bidiyo da waƙoƙin da ya rera da kansa, akasarinsu a kan sha'awar da yake yi wa matar ɗansa. Waɗannan mutane biyu da muryarsu ta ainihi ake jin su, da numfashinsu da dariyarsu da in'inarsu, kuma babu abin da ke kama kunne kamar wannan.

Susan fa? Abin da ta bari yawancinsa rubutu ne: littattafan sirri, da wasiƙun intanet da ta aika wa ƙawayenta, da wata takarda da ta rubuta da hannunta a watan Yuni na 2008 ta kira ta wasiyya, ta ɓoye a akwatin ajiya na banki. A cikin takardar ta bayyana cewa aurensu ya lalace, mijin ya yi mata barazanar zai rusa rayuwarta in ta nemi saki, ta kuma gargaɗi danginta cewa in ta mutu kada su ɗauka hatsari ne ko da ya yi kama da hatsari. Rubutu ba ya magana a rediyo sai an ara masa baki, saboda haka wata mace ce ke karanta kalmomin Susan a shirin. Ta yi ƙoƙari, amma kunne yana rarrabe karatu da magana. Sakamakon haka shi ne wanda ake zargi yana zuwa wa mai sauraro kai tsaye, ita kuwa sai ta hannun wakiliya.

Wurare kaɗan ne ake jin muryarta ta gaskiya, biyu daga ciki sun isa a tsaya a kansu. Na farko bidiyon da ta ɗauka a watan Yuli na 2008, tana zagaya gidanta tana nuna kayan da suka mallaka ɗaya bayan ɗaya, tana cewa tana yi ne don ko wani abu zai same ta ko iyalinta. Muryar ba ta kuka, ba ta rawa. Murya ce ta mace mai lissafin kayan ɗaki, kuma wannan natsuwa ta fi kururuwa tayar da hankali. Na biyu wata hira ce ta 2003 a cikin mota, wadda na'urar bidiyon Steven ta naɗa, inda yake bayyana mata sonsa ita kuwa tana kaucewa cikin ladabi irin na suruka. A nan akwai abin dubawa ta fuskar ɗa'a. Wani kaso na abin da ya rage na muryar wannan mata da surarta, mutumin da ke leƙenta ne ya tara shi ba da yardarta ba. Duk wanda ya saurare shi, ta tagar da Steven ya huda yake leƙawa. Cawley ya yi amfani da kayan don ya tona asirin mai su, kuma hujjarsa a fili take, amma an ba waƙoƙin Steven da sambatunsa fili fiye da yadda hujjar ke bukata. Kaɗan daga ciki ya isa a gane ko shi wane ne. Abin da ya ƙaru a kai ya fi kusa da kallon abin ƙyama don nishaɗi.

Abin da ya ƙara wa wannan batu nauyi shi ne tun kafin a yi shirin an riga an yi yaƙi a kan kalmomin Susan. Bayan ɓacewarta, Josh da ubansa sun riƙe littattafan sirrin da ta rubuta tana budurwa, suka shiga baza wasu sassa a intanet da gidajen talabijin, suna neman nuna cewa mace ce marar kamun kai wadda ta gudu da wani namiji. Har suka danganta ta da wani mutumin Yuta da ya ɓace a cikin watan, ba tare da wata shaida ba. Neman waɗannan littattafai ne ma ya kai 'yan sanda gidan Steven a 2011. Watau an ɗauki maganarta an mai da ita makamin sukarta a lokacin da ba ta da bakin kare kanta. In an dubi "Cold" ta wannan fuska, aikin da ya fi kowane daraja a cikinsa shi ne ya mayar da rubutun Susan cikin jerinsa da muhallinsa, ya bar shi ya faɗi abin da mai shi ta nufa. Mai sauraro yana haɗuwa da mace mai raha, mai riƙo da addininta, wadda ta nemi shawarar lauya, ta buɗe asusun kanta, ta ja wa mijinta layi, tana kuma auna tsoron rasa 'ya'yanta da tsoron zama. Ta fita daga matsayin hoton da ake mannawa a bango, ta zama mutum mai dabara da shawara. Sai dai duk da haka, in aka gama kashi 18 aka tambayi mai sauraro muryar wa ta fi zama masa a kunne, da wuya ya ce tata.

5.0 Tsakanin Zato Da Hukunci

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mai ba da labarin laifin da kotu ba ta yanke hukunci a kansa ba yana tafiya ne a kan wannan siraɗi. Josh Powell kashe 'ya'yansa tabbatacce ne, amma game da matarsa bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Abin da ke akwai shi ne alamu masu yawa da ke nuni wuri guda, da kuma bayanin 'yan sanda na 2013 cewa sun yi imani shi ya kashe ta, amma ba su sami hujjar da za ta tsaya a kotu ba. Salon Cawley a nan abin yabo ne. Muryarsa a kwance take, yakan faɗi inda ya samo kowace magana, yakan rarrabe abin da takarda ta nuna da abin da wani ya tuna bayan shekaru, ya kuma ajiye nasa hasashen sai can wajen ƙarshe. Bai ɓoye inda zuciyarsa ta karkata ba, amma bai ɗora wa mai sauraro ita a matsayin hukunci ba.

Za a fi ganin darajar wannan in an kwatanta shi da wani shiri da ya fito a shekara guda da shi a ƙasar Ostareliya, watau "The Teacher's Pet" na Hedley Thomas, ɗan jaridar The Australian. Shi ma labarin uwa ce mai 'ya'ya biyu ƙanana, Lynette Dawson, wadda ta ɓace daga gidanta a arewacin birnin Sidni a watan Janairu na 1982 tana da shekara 33. Mijinta, Chris Dawson, malamin makaranta, ya ce ta tafi ne don kanta, bai kai wa 'yan sanda rahoto ba sai bayan mako shida, alhali cikin 'yan kwanaki ya shigo da wata ɗalibarsa gidan. Sau biyu, a 2001 da 2003, masu binciken musabbabin mutuwa suka ba da shawarar a gurfanar da wanda ake zargi, ofishin mai gabatar da ƙara ya ƙi. Thomas ya shiga labarin ne a matsayin mai neman hakkin matar, bai kuwa ɓoye cewa ya ɗauki mijin mai laifi ba. An saurari shirin sau miliyoyi, ya sami babbar lambar yabo ta aikin jarida a ƙasar, kuma a watan Disamba na 2018 aka kama Dawson.

Sai dai abin da ya biyo baya darasi ne. A 2019 aka janye shirin daga Ostareliya don kada ya ɓata shari'a. Lauyoyin Dawson suka nemi a soke ƙarar ɗungum, suna cewa shirin ya riga ya yanke masa hukunci a zukatan jama'a, ya kuma gurɓata tunanin shaidu. A 2020 Mai Shari'a Elizabeth Fullerton ta ƙi soke ƙarar, amma ta ɗage ta wata tara, ta kuma yi kakkausar suka ga yadda shirin ya tsoma baki a harkar shari'a. A ƙarshe alƙali ɗaya ne ya saurari ƙarar ba tare da masu taya shi yanke hukunci ba. Ranar 30 ga Agusta, 2022, Mai Shari'a Ian Harrison ya sami Dawson da laifin kisa, daga baya ya ɗaure shi shekara 24, ko da yake ba a ga gawar ba. Shirin da ya tayar da maganar da ta yi shekara 36 a kwance, shi ne kuma ya kusa ba wanda ake tuhuma ƙofar fita.

Adalci shi ne a ce yanayin mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Thomas yana magana a kan mutum mai rai wanda hukuma ta yi shekaru tana ƙyalewa, saboda haka zafinsa yana da dalili. Cawley kuwa ya zo ne bayan kowa ya mutu, babu shari'ar da zai ɓata, babu kuma wanda zai kama. Natsuwarsa ba ta jawo masa asarar kome ba. Duk da haka ta haifar da amfani guda: da yake ba ya farautar mutum ɗaya, ya sami sukunin duban sauran waɗanda abin ya ratsa ta hannunsu.

6.0 Jigo

Jigon "Cold" na fili shi ne ɓacewa da bincike, amma jigon da ke ƙarƙashi, wanda ya fi ƙarfi, shi ne yadda aka ji gargaɗi ba a yi aiki da shi ba. Susan ta faɗa wa ƙawayenta halin da take ciki, ta rubuta, ta ɗauka a bidiyo, ta kai banki ta ajiye. Mutane da yawa sun san gutsure-gutsuren labarin, ba wanda ya haɗa su wuri ɗaya sai bayan ta ɓace. Dalili kuwa shi ne irin cutarwar da ake yi mata ba ta barin tabo a jiki. Mallake kuɗi da raba mutum da danginsa da barazana a cikin ɗaki abubuwa ne da maƙwabci zai gani ya ce tsakanin miji da mata sai Allah. Shirin ya nuna yadda wannan kawaici, wanda a wani wurin ladabi ne, yakan zama mafakar azzalumi.

Gargaɗin bai ƙare da Susan ba. Iyayenta sun yi ta faɗa cewa yaran na cikin hatsari. Kwana huɗu kafin gobarar kotu ta umarci a binciki lafiyar tunanin Josh, ta bar yaran a hannun kakanninsu, amma ba a hana kai su gidansa ziyara ba. Shirin ya sa wa mai sauraro muryar ma'aikaciyar nan tana waya daga bakin ƙofa, tana cewa tana jin warin fetur, mai amsa wayar gaggawa kuwa yana ta jan ta da tambayoyi ana ɓata mintuna. Babu wani marubucin wasan kwaikwayo da zai iya tsara abin da ya fi wannan ciwo, Cawley kuwa ya kyauta da ya bar shi yadda yake bai yi masa ado ba. A 2020, bayan shirin ya fito, masu taya alƙali hukunci a Jihar Washinton suka sami hukumar jin daɗin jama'a ta jihar da sakaci, suka yanke a biya diyyar kimanin dala miliyan 98 saboda yaran.

Akwai wata al'ada da shirin ya riƙe wadda ta tabbatar da wannan jigo. A ƙarshen kowane kashi Cawley yakan juyo ga mai sauraro ya ce in labarin Susan ya yi kama da abin da shi ko wani nasa ke ciki, to ga inda za a nemi taimako. Mai neman ado zai ce wannan ya karya zaren labari. Amma a wannan wuri ne kaɗai shirin ke yin aikin cigiya na asali, watau ya yi kira ga wanda zai iya yin wani abu, sai dai wadda ake kiran domin ta tana da rai tukuna.

7.0 Kammalawa

An ga cewa "Cold" ya yi nasara a tsarinsa, domin ya mai da hankalin mai sauraro daga dare ɗaya zuwa shekara takwas na aure, inda amsoshi suke. Ya yi nasara kuma wajen riƙe harshe a kan abin da kotu ba ta tabbatar ba, da wajen ƙwato rubutun Susan daga hannun waɗanda suka juya shi. Rauninsa shi ne ya bar yawan kayan da ke hannunsa ya yi masa jagora, har mazan nan biyu da suka cika duniya da maganarsu suka cinye filin da ya kamata a rage wa matar, musamman a tsakiyar shirin.

Wannan rauni bai keɓanta ga Cawley ba, yana tattare da nau'in adabin kansa, domin mai laifi ko wanda ake zargi kullum yana da motsi da magana, wadda aka ɓatar kuwa sai abin da aka tsinta a bayanta. Saboda haka manazarcin da zai auna irin waɗannan ayyuka, ko da wane harshe aka yi su, yana bukatar ma'auni ƙari a kan waɗanda ya saba da su. Ya ƙidaya lokacin da aka ba kowace murya, ya tambayi ta hannun wa aka samo ta, ya kuma duba ko mai sauraro ya tashi da sanin matar ko kuwa da sanin mijinta kawai. A bisa wannan ma'auni "Cold" ya fi akasarin takwarorinsa, ko da yake bai kai inda kayan da Susan Powell ta bari da hannunta za su iya kai shi ba.